Baba ya ce karatun girki ne: in karɓi nutirishin ko in sake zana JAMB?

"Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 19 daga Ɗorayi. Sau biyu ina zana JAMB ina neman likitanci, bana sai aka ba ni nutirishin, wato kimiyyar abinci mai gina jiki. Baba ya ce shi ba zai biya kuɗin makaranta shekara huɗu in je in koyo girki ba, Umma ma ta isa ta koya min a gida. Yayata ta ce gara in koma makarantar nas. Ƙawayena har tsokanata suke yi wai likitar tuwo. Ni kuma wallahi na gaji da zaman gida, amma ina tsoron in gama in rasa aikin yi. In karɓa ko in sake zanawa karo na uku?"

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta saƙonki har sau uku kafin na fara rubutu, dan na ji gajiyar da ke cikinsa, shekara biyu a gida kina kallon sa'anninki suna tafiya makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Bari in fara ba ki amsa kai tsaye kar in ja miki rai: in da ni ce ke, zan karɓa. Amma zan karɓa ne ido a buɗe, na san abin da ke ciki da abin da babu, shi ya sa amsar za ta ɗan yi tsayi, ki yi haƙuri ki bi ni a hankali.

Maganar Baba tukunna. Kar ki ga laifinsa ko kaɗan. Mutum ne da zai cire kuɗi daga aljihunsa a wannan marrar, aka ce masa karatun abinci, toh me kike so ya hango in ba tukunya da murhu ba? A Hausa kalmar ɗaya ce, abinci. Shi kwas ɗin kuwa in kika duba jerin darussansa za ki ga a shekarar farko kemistiri ne da bayoloji da fiziks da lissafi, irin wanda 'yan likitanci da 'yan haɗa magani suke yi, daga nan ki shiga bayokemistiri, da ilimin sassan jikin ɗan Adam da yadda kowace gaɓa ke aiki, da ilimin ƙwayoyin cuta, da ƙididdiga. Za ki koyi abin da ke faruwa da lomar tuwo daga lokacin da ta shiga baki har ta zama suga a cikin jini, me hanta ke yi da ita, me ƙoda ke tacewa, me ya sa jikin wani ke kasa sarrafa ta. Akwai girki a ciki, ba zan ɓoye miki ba, za ku shiga kicin ɗin gwaji ku auna ku dafa, amma da sikeli da kalkuleta a hannu, ana lissafa giram nawa na furotin, wato sinadarin gina jiki, ke cikin wannan faranti, kuma wa za a ba shi. Yawanci shekara huɗu ne, wasu jami'o'in biyar. Jami'ar Ibadan da ta Nsukka sun daɗe da sashen wannan karatu, mu ne nan Arewa muka makara da shi, shi ya sa har yanzu iyaye ba su saba jin sunansa ba.

Bari in ba ki labarin gwaggona, dan ta nan ni kaina na fara girmama wannan fanni. Da aka ce tana da ciwon suga, kowa a dangi ya zama malami. Wannan ya ce alkama kawai, wancan ya ce acca da wake, wata ta ce kar ta kuskura ta ƙara kallon shinkafa, wani ya kawo garin ɗaci a leda. Baiwar Allah ta koma tsoron kwano, ta rame, zani ya daina zama a ƙugunta, kuma duk da haka in an auna sugan sama yake, saboda tuwon alkamar da aka ce shi ne magani malmala uku take ci ta kora da kunu mai zuma, wai ai zuma ba suga ba ce. Sai da aka tura mu wajen wata yarinya a asibiti, ba ta fi ki da shekara bakwai ba, dayatishan ce, wato masaniyar abincin marasa lafiya. Ta zauna da gwaggo kusan awa guda tana tambayarta da Hausa, me kika ci jiya da safe, da wane kwano, ƙarfe nawa, wa ke girki a gidan, nawa ake bayarwa na cefane. Ba ta hana ta tuwo ba. Ta nuna mata girman malmalar da dunƙulen hannunta, ta ce miya ta fi tuwon yawa, ganye ya cika rabin kwano, zogale, rama, alayyahu, duk wanda ya samu, ta bayyana mata cewa alkama da acca da shinkafa duk sitaci ne kuma yawan da aka ci shi ne babbar magana, zuma kuma tana ɗaga suga. Da azumi ya matso ta sake zama da ita tare da likita kan sahur da buɗa baki da lokacin shan magani. Likita ne ya rubuta maganin, amma wannan yarinyar ce ta mayar wa gwaggo da kwanciyar hankalin cin abinci a gidanta. Har ta rasu tana sa mata albarka.

Irin wannan aikin ne a ɓangaren asibiti, kuma ya wuce ciwon suga. Mai hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kar ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, toh ki lissafa dunƙule nawa muke jefawa a tukunya ɗaya, ga gishiri, ga kanwa a ɗanwake da miyar kuɓewa, ita ma kanwar akwai sinadarin sodiyam irin na gishiri a cikinta, ga yajin da aka daka da dunƙule ana barbaɗawa a sama. Wanda ake wa wankin ƙoda kuma lissafinsa daban ne gaba ɗaya, ayaba da dabino da muke kai wa mara lafiya dubiya da kyakkyawar niyya suna iya cutar da shi saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu wanda ƙodarsa ba ta iya fitarwa, har ruwan da zai sha sai an ƙayyade. Ga wanda ya ƙone da wuta da jikinsa ke buƙatar furotin mai yawa, ga wanda ba ya iya haɗiya ana ba shi abinci ta robar hanci, wani ne zai zauna ya lissafa abin da za a zuba a robar nan. Wannan wanin shi ne ke, in kin bi hanyar.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai, kuma shi ya sa na ce miki ki karɓa, shi ne yaranmu. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a jihar Kano kuwa sama da rabi ne. Kano fa, mai kasuwar Dawanau da ake lodin hatsi zuwa ƙasashen waje, mai 'Yankaba da kayan miya ke zube. Talauci na ciki, babu mai musu, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai gidan da ake da gero da gyaɗa da waken soya, amma kunun da ake ba yaron tsararo ne, ruwa ne kawai da ɗan gasara, cikinsa ya cika jikinsa bai samu komai ba. Akwai inda har yau ake matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Akwai kakar da ba za ta yarda a ce jariri ya yi wata shida nono zalla ba tare da ruwa ba a zafin Kano, kuma wannan binciken ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Akwai masu hana yaro ƙwai wai zai yi sata. Kuma masana sun nuna kwana 1000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne ginin jiki da ƙwaƙwalwa, abin da aka rasa a nan da wuya a maido shi duka daga baya.

Ita tamowa da kike ji, irin mai kumburin nan da gashi ke yin ja, wata likita ce Cicely Williams ta fara bayyana ta a rubuce a 1933 lokacin tana aiki a ƙasar da ta zama Ghana, kuma sunan da duniya ta san cutar da shi, kwashiyoko, daga bakin mutanen Ga ta ɗauko shi, ma'anarsa ciwon da ke kama yaron da aka ture saboda an samu ƙani. Kin ga abin da mu muke kira kwanika kenan, iyayenmu sun daɗe da lura da shi. A wajen aiki za a ba ki wani ɗan tef mai kala uku ki zagaya damtsen yaro, in ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, tamowa mai tsanani ce, ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ga ko wurin ya loma. Wanda yake iya ci kuma ba shi da wata cuta a tare, ana ba uwarsa abincin nan na leda mai kama da tunkuza, gyaɗa ce da madarar gari da mai da suga da sinadarai, leda ɗaya giram 92 tana ɗauke da kalori 500, a Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar Nijar ta 2005 aka ga amfaninsa sosai a yankin Maraɗi. Wanda ya galabaita kuwa kwantar da shi ake yi, a fara da wata madara mai sauƙi da ake kira F-75 kaɗan-kaɗan, dan in aka ɗura wa irin wannan yaron abinci mai nauyi lokaci guda saboda tausayi, zuciyarsa na iya kasa ɗauka ya mutu. Ki faɗa min, wannan ilimin a gindin murhu ake koyonsa?

Kuma a nan ke kina da abin da baƙo ba shi da shi ko da digiri nawa ya zo. Kin san yadda ake shiga gida a gaida tsohuwa a durƙushe, kin san ba a ce wa kaka kin yi kuskure, kin san yadda za ki ce Hajiya ai nonon ma kusan dukkansa ruwa ne, ki bari uwar ta sha ruwan shi ya tsotsa. Kin san farashin kwanon gero da na waken soya. Wannan rabin aikin ne.

Toh yanzu maganar da ta fi damunki, aiki. Ba zan yi miki daɗin baki ba 'yata. Likita ya fi ɗaukar albashi, nas kuma ta fi saurin samun aiki, a gwamnati ko asibitin kuɗi, dan kowane ɗan ƙaramin asibiti na buƙatar nas, ba kowanne ne ke ɗaukar dayatishan ba. Yayarki tana da hujja. Akwai waɗanda suka gama nutirishin suna gida da takardarsu, na san wasu. Abin da na lura da shi shi ne wannan digirin ba ya kai mutum bakin ƙofar aiki shi kaɗai, sai kin zaɓi layi tun kina aji uku kin fara gina kanki a kai.

In asibiti kike so, bayan digiri akwai horon shekara ɗaya a asibitin da aka amince masa, a ƙarƙashin ƙwararrun dayatishan, sannan rajista da bautar ƙasa. Manyan asibitocin koyarwa irin su Asibitin Malam Aminu Kano suna da sashen wannan aiki. Gurbin horon ba shi da yawa, masu nema sun fi wuraren, wasu sai sun jira, wasu sai sun tafi wata jiha, dan haka ki sa a ranki tun yanzu kuma ki faɗa wa Baba tun yanzu, kar ranar ta zo a ce mace ba za ta je Zariya ko Jos ko Ilori ba. Sakamako mai kyau yana taimakawa ƙwarai a nan. Ki kuma gane bambancin, duk wanda ya karanta fannin masanin abinci ne, amma wanda zai tsara wa majinyaci abinci a gadon asibiti sai wanda ya yi wannan horon.

Akwai aikin gwamnati a ma'aikatar lafiya da hukumar kula da lafiya a matakin farko, ƙananan hukumomi suna da jami'an kula da harkar abinci mai gina jiki, su ke bin asibitocin unguwa ranar awo da ranar rigakafi, da makon lafiyar mata da yara da ake ɗiga wa yara bitamin A. Sai ƙungiyoyin agaji, UNICEF, Hukumar Abinci ta Duniya, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, Save the Children da ire-irensu, waɗanda su ne kowa ke hangowa saboda albashinsu. Gaskiya suna biya, kuma ana koyon aiki a wajensu, amma kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya, in kuɗin shirin ya ƙare aikin ya ƙare. A 2025 da gwamnatin Amurka ta yanke tallafin da take bayarwa ta USAID mutane da yawa a wannan layin sun wayi gari babu aiki. Dan haka in kin samu ki shiga, amma ki riƙa tanadi kina ƙara ilimi. Kuma su abin da suke tambaya a intabiyu ya wuce me kika haddace, za su ce kin iya Excel, kin taɓa tattara bayanai da waya ta manhajar KoboToolbox, kin iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, kin taɓa auna yaro a ƙauye. Waɗannan ba sai kin jira malami ba, da wayarki da data za ki fara.

Masana'antu kuma, ga su nan Sharaɗa da Chalawa da Bompai, masu fulawa da man girki da lemo da madara. Dokar ƙasa ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri tun 1993, abin da ya sa maƙoƙon da kakanninmu suka saba gani ya ja baya, tun 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da suga da man girki, shi ne ɗan tambarin ido da kike gani a jikin leda ko galan, dan maganin dundumi da raunin garkuwar jiki. Dole kamfani ya samu masu auna ingancin kaya, NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ma na ɗaukar masu duba su. Sai dai a wannan layin za ki yi gogayya da 'yan kimiyyar sarrafa abinci, irin kwas ɗin da ake yi a jami'ar Wudil, wanda shi ya fi karkata ga inji da adanawa da ƙunshewa, naku kuma ya fi karkata ga jikin mutum. Mutane na haɗa su wuri ɗaya, har da koyon girkin otal, amma uku ne daban-daban.

Layin da ni na fi ganin hasken 'ya mace 'yar Kano a cikinsa, musamman in aure ya zo da yara, shi ne sana'ar kanta. Garin kunun yara da ake kira Tom Brown, gero ko dawa da waken soya da gyaɗa a soya a niƙa, mata da yawa na yi suna sayarwa a WhatsApp, amma nawa ne a cikinsu suka san awon da ya dace, ko suka san gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna na ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda suya ba ta kashe ta? Ke za ki sani. Za ki san yadda ake tsince ta, yadda ake busarwa, yadda ake rubuta bayanin abin da ke ciki a jikin leda, yadda ake neman lambar NAFDAC. Haka abincin masu ciwon suga da ake kai wa ma'aikata ofis, haka ba makarantun kwana shawara kan jadawalin abinci. Jari kaɗan ake farawa da shi. Sai dai ina roƙonki abu ɗaya dan girman Allah, in kin samu ilimin nan kar ki bi sahun masu tallan maganin ƙiba da shayin rage tumbi a TikTok da Instagram. Kuɗi na shigowa ta nan da sauri, na sani, amma 'yan mata nawa ne aka ɗura wa ƙwayoyin da ke kumbura jiki da sunan ƙiba suka ƙare da suga da hawan jini? Muna buƙatar wadda za ta fito da Hausa mai daɗi ta faɗi gaskiya a wuraren nan, a rediyo ma haka, gidajen rediyon Kano kullum suna neman mai ilimin da ya iya bayani.

Koyarwa da bincike ma hanya ce in kanki na ja, digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma yana buɗe ƙofofi da dama. Ba zan tsaya a kai ba, lokacinsa bai yi ba.

Yanzu maganar sake JAMB. Ba ki faɗa min makinki ba, kuma shi ne ma'auni. In a karo biyun nan kina dab da makin da ake yankewa ne, ɗan ƙiris ya hana, kuma har cikin ranki duba mara lafiya da rubuta magani da tiyata kike so ba sunan dakta ba, toh sake gwadawa ba hauka ba ne. In kuwa tazarar na da yawa kuma babu abin da zai canza a yadda kike shiri, wace shaida gare ki cewa karo na uku zai bambanta? Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema dubbai, ana barin masu maki mai kyau a waje kowace shekara, wannan ba ya nufin ba ki da ƙoƙari. Lissafa kuma, shekara shida ne karatun ban da yajin aiki. Abin da ba na so shi ne ki shiga nutirishin da niyyar ai zan canza in na gama aji ɗaya. Yana faruwa amma da wuya ƙwarai, kuma na ga yaran da suka shiga da ƙafa ɗaya a waje, suka raina kwas ɗin, ba su canza ba kuma suka fita da sakamako mara kyau, an yi biyu babu. Taura biyu ba ta taunuwa. In kin shiga ki shiga da zuciya ɗaya. In kuma da kika karanta duk abin da na lissafa a sama ranki bai motsa ba ko kaɗan, kika ji ke dai allura da ɗaurin ciwo da karɓar haihuwa ne ke burge ki, toh ki saurari yayarki ki nemi makarantar nas da gaske, aiki ne mai daraja kuma babu faɗuwa a ciki. Ki tambayi kanki abu biyu tsakaninki da Allah: ina iya jure kemistiri? Ina da haƙurin zama da mutum ina maimaita masa magana ɗaya sau biyar ba tare da na ƙosa ba? Dan aikin nan yawancinsa lallashi ne, canza wa mutum abin da ya saba ci tun yana yaro ya fi ba shi ƙwaya wuya nesa ba kusa ba.

Su ƙawayenki ki bar su, tsokana ce ta ƙuruciya, ba su san abin da suke faɗa ba.

Baba kuwa kar ki yi musu da shi, kar ki ce masa bai gane ba, kar ki yi kuka ki shige ɗaki. Ki fara da Umma, ki zaunar da ita ki karanta mata wannan amsar in kin ga dama, ita ta san lokacin da ake tunkararsa da lokacin da ba a yi. Ki je sashen a jami'ar ki roƙi jerin darussan shekara huɗun a takarda, ki kawo masa ya gani da idonsa ko a karanta masa. In akwai kawu ko aminin Baba da ke aikin asibiti, ko limamin unguwa da yake jin maganarsa, ki bi ta wajen Umma a roƙe shi ya sa baki, manya sun fi jin magana daga bakin manya. Kuma ki saurara da kyau, wani lokacin in uba ya ce ba zan biya kuɗin kaza ba, ƙasan maganar shi ne kuɗin ne babu, nauyin faɗa yake ji. In haka ne akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, akwai tallafin karatu na jiha in an buɗe, ki bincika ki kawo masa bayanin a tare, ki nuna masa ke ma kina tunanin aljihunsa. Ki ce masa Baba albarkarka nake nema kafin kuɗinka. In bayan duk wannan ya tsaya a kan a'a, kar ki tafi a ɓoye, ki sake rubuto min mu duba wata hanyar.

In Allah ya sa ya amince, ga abin da nake so ki riƙe. Aji ɗaya da aji biyu su ne ginshiƙin sakamakonki, kar ki yi wasa da su wai ai sauran lokaci. Lokacin da za a tura ku koyon aiki na SIWES kar ki nemi inda za a sa miki hannu kina gida, ki nemi asibiti ko masana'antar da za a sa ki aiki har ki gaji, sau da yawa a nan ake haɗuwa da wanda zai tuna da ke in gurbi ya samu. Lokacin hutu ki je asibitin unguwarku ki ce kina so ki taimaka kyauta ranar awo, ki koyi ɗora yaro a sikeli da cike katin. Ki shiga reshen ɗalibai na ƙungiyar masana abinci ta ƙasa, Nutrition Society of Nigeria. In lokacin furojet ya zo, wato binciken kammala digiri, ki zaɓi abu namu, kuka, zogale, daddawa, fura, awara, ɗanwake, ko yadda shan shayi a kan abinci ke rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe alhali ɗan lemon tsami ko gwaiba na ƙara shi, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da binciken 2018 ɗin nan ya samu kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini.

Kafin komai dai, a cikin satin nan, ki duba ranar ƙarshe ta karɓar gurbin a shafin JAMB kar ta wuce ki kuna tsaka da shawara. Ki yi istihara. Sannan ki shirya da safe ki ce wa Umma ta raka ki asibiti mafi kusa da ke da sashen masu tamowa ko na masu ciwon suga, ki yi sallama ki ce ke ɗaliba ce kina so ki ga yadda aikin yake, ki roƙi dayatishan ɗin ko jami'ar da ke wurin ta ba ki minti goma, ki tambaye ta nawa ta jira kafin ta samu horo, me ta so a ce ta sani tun tana aji ɗaya. Ki rubuto min abin da ta ce da abin da Baba ya ce. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sa albarka a karatunki, ki gaida min Umma.